Tiyon da Habila Bai Wanke Ba

Akwai wani mutum a wata ƙasa mai nisa, ƙasar tuddai da sanyi, inda ruwa yakan daskare a cikin randa, dusar ƙanƙara kuma ta rufe ƙasa wata da watanni. Sunan mutumin Habila. Shi ne mai lura da gandun wani attajiri, yana zaune a gindin tudu tare da matarsa Tabita.

Gandun nan ba na dawa ba ne, ba kuma na rake ba. Gandun itatuwa ne manya-manya, irin waɗanda babu su a wajenmu. Idan sanyi ya fara sassautawa, wani ruwa mai ɗan zaƙi yakan taso a cikin jikinsu. Sai a huda kowane itace, a cusa masa bakin siririn tiyo a ramin. Tiyon wannan itace ya haɗu da na wancan, har dukansu su zuba cikin babban bututu guda, wanda yake gangarawa zuwa tanki a bukkar dahuwa. A can ake dafa ruwan, a yi ta ba shi wuta har ya yi ja ya yi kauri kamar maɗi. Mutanen ƙasar suna sonsa ƙwarai, daga nesa ake zuwa nemansa.

Ranar da mai gandu ya danƙa wa Habila aikin, ya ce masa, “Tatsa ba wuya, dahuwa ma za ka iya. Abin da nake so ka riƙe shi ne wanki. In ruwan itace ya ɗauke, ka bi kowane tiyo da ƙafarka. Ka zare shi daga jikin itacen, ka tura ruwa mai tsabta ta cikinsa har ya fito garau, ka bar shi ya tsane, sa'an nan ka toshe bakinsa. Inda ya saki ka ɗaure, inda kurege ya gwaguya ka yanke ka sa sabo. Kada ka bar ko ɗaya, gama dukansu wuri guda suke zubawa.”

Habila ya ce, “To, ranka ya daɗe.” Haka kuwa ya yi ta yi shekara da shekaru, maɗinsa ya yi suna.

To, a can ƙarshen gandun akwai wani kwazazzabo mai zurfi. Duwatsu sun kewaye shi, itatuwa sun haɗe kai a samansa, har da tsakar rana ma wurin da duhu. Itatuwan cikinsa sun fi na ko'ina ba da ruwa, saboda haka akwai dogon tiyo guda da yake fitowa daga can.

Wata shekara, bayan an gama dahuwa, Habila ya wanke tiyon gabas, ya wanke na yamma, ya wanke na kan tudu, saura na kwazazzabo kaɗai. Ya ɗauki bokitinsa ya shiga. Ya sunkuya ke nan zai zare bakin farko, sai ya ji gurnani a kusa da shi. Da ya ɗaga kai, ga kyarkeci tsaye a kan dutse, bakinsa jina-jina, ya kafa masa ido. Tsakaninsu bai fi tsalle guda ba. Habila ya yar da bokitin, ya ja da baya, ya ja da baya, da ya ga hasken fili sai ya zuba da gudu, bai tsaya ba sai bayan gidansa. Nan ya tsaya har numfashinsa ya dawo, ya kakkaɓe rigarsa, ya shiga.

Tabita tana kwashe abinci. Ta ce, “Sannu da aiki, maigida. An gama wankin bana?”

Ya ce, “An gama.”

Ta ce, “Ina bokitin?”

Ya ce, “Ya fashe, na yar.”

Bai yi niyyar ya bar abin haka ba. Ya ce a ransa, gobe zan koma. Da gari ya waye ya ce, bari dabbar ta ƙara gaba tukuna. Ya so ya roƙi maƙwabcinsa ya raka shi, amma ya riga ya ce an gama, da wane baki zai ce ba a gama ba? Ya so ya aika wa mai gandu, sai ya tuna yadda mutumin ya amince da shi, ya ji gara kome da ya ga fuskarsa ta sāke.

Akwai abu guda mai sauƙi da zai iya yi ba tare da ya shiga kwazazzabon ba. Zai iya zuwa mahaɗar, inda tiyon nan ya shiga babban bututu, ya yanke shi ya toshe. Har ya je da wuƙa a hannu. Amma mahaɗar tana bakin hanya, inda mai gandu yakan bi a kan dokinsa. In ya ga tiyo a yanke zai yi tambaya. In kuwa an bar shi a haɗe, duk wanda ya duba zai ga gandu lafiya lau. Habila ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin, sa'an nan ya mai da wuƙarsa kube.

Zafi ya zo ya wuce, ganye ya kaɗe, ƙanƙara ta sāke rufe ƙasa. A duk kwanakin nan Habila bai sami kwanciyar rai ba. In ya bi ta kusa da kwazazzabon yakan kau da kai ya ƙara sauri. In ya ji takun doki a hanya, gabansa ya faɗi. In Tabita ta dube shi ta yi shiru, ya ce a ransa ta gane. Ya rame, ya zama mai saurin fushi. Ta tambaye shi ko wani wuri ne yake masa ciwo, ya ce shi lafiyarsa ƙalau.

Da lokacin tatsa ya zo, ya huda itatuwan gabas da na yamma da na kan tudu, ya jona tiyonsu. Kwazazzabo kuwa bai je ba. Ya ce a ransa, tun da ban huda kome a can ba, ba abin da zai gangaro. Rana ta fito, ƙanƙara ta fara narkewa, ruwa ya fara zuba cikin tanki.

Al'adar ƙasar ce uwargida ta sha kofin farko na ɗanyen ruwan kafin a hura wuta. Habila ya sa kofi ya ɗebo. Da ya ɗago shi zuwa haske, ya ga ruwan bai yi garau kamar na kullum ba, ya ɗan yi hazo-hazo, wani abu kamar zare yana yawo a ciki. Ya kai hancinsa, ya ji wani ɗan wari can ƙasa-ƙasa. Tabita tana tsaye ta miƙo hannu tana murmushi. In ya hana ta, sai ya faɗi dalili. Ya ce a ransa, ɗan kaɗan ne, ba zai yi kome ba. Ya miƙa mata.

Ta sha, ta ɗan yamutsa fuska, ta ce, “Na bana kamar yana da tsami-tsami.”

Ya ce, “Sanyi ne ya taɓa miki harshe.”

Ta yarda da shi, ta shanye.

Kashegari Tabita ba ta iya tashi ba. Ciki ya murɗe ta, amai da gudawa suka ƙi tsayawa, jikinta ya yi zafi kamar garwashi. Kafin la'asar idanunta sun faɗa, leɓunanta sun bushe. Habila ya tsuguna kusa da ita yana jiƙa tsumma yana shafa mata a goshi. Ta buɗe ido da ƙyar, ta ce, “Maigida, me na ci ne? Ka tuna mini, ko a san maganin da za a ba ni.”

Ya so ya faɗa mata gaskiya, sai ya fasa. Ya ce, “Ki yi haƙuri, zai wuce.”

Ya fita waje. Ya ce, yanzu kam sai na je na gyara, kowa bai sani ba. Ya ɗauki gatari ya hau tudu. Da ya kai bakin kwazazzabon, sai ya ga sawu a kan ƙanƙara, manya, sababbi, sun shiga ciki ba su fito ba. Ya tsaya. Iska ta kaɗa wani reshe, ya yi tsalle kamar an harbe shi. Sai ga shi yana gangarowa da gudu, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Da ya iso bukkar dahuwa, ga doki a ɗaure a ƙofa.

Mai gandu yana ciki, tsaye a bakin tanki. Ya juyo da fara'a ya ce, “Habila, na ji an ce ruwa ya sauko, na ce bari in zo in ɗanɗana na bana.” Ya ɗauki ludayin da yake rataye, ya cika shi, ya ɗaga zuwa bakinsa.

Habila ya ga ludayin yana tafiya. Ya san in ya yi shiru, watakila mutumin ya kurɓa ya ce da tsami, ya wuce. Ya san kuma in ya yi magana, aikinsa da gidansa da mutuncinsa duka sun tafi. Sai ya tuna idanun Tabita. Ya yi tsalle ya buge ludayin, ruwan ya watse a ƙasa.

Ya ce, “Kada ka sha, ranka ya daɗe! Kada ka sha!”

Ya fāɗi a gabansa, ya kwashe kome ya faɗa masa, tun daga kyarkecin har zuwa kofin da ya miƙa wa matarsa da hannunsa.

Fara'ar ta ɓace daga fuskar mai gandu. Habila yana jira a ce masa ya kwashe kayansa. Amma abin da mutumin ya fara tambaya shi ne, “Ina take?”

Ya shiga gidan ya dube ta, ya fito ya tura maƙwabcinsu a kan dokinsa ya je ya ɗauko likita, ya ce a gaya masa ainihin abin da ta sha. Sa'an nan ya juyo ga Habila ya ce, “Da ka faɗa tun jiya, da tun jiya take shan magani. Yanzu ɗauki wuƙa da ruwa da sabon tiyo. Mu je.”

Habila ya ce, “Ranka ya daɗe, kyarkecin yana nan. Na ga sawunsa yanzu-yanzu.”

Ya ce, “Na ji. Ni zan shiga gaba.”

Suka hau. Mai gandu ya ɗauki sandarsa mai kan ƙarfe ya shige gaba, Habila yana biye, yana taka inda ya taka. Da suka shiga cikin duhun, wari ya tarye su. Suka bi tiyon da ido har inda wani babban reshe ya faɗo ya tsinke shi. Bakin da ya tsinke yana kwance cikin wani kududdufi, a cikin kududdufin kuma ga mushen barewa ya ruɓe ya narke. Da ƙanƙara ta saki, tiyon ya yi ta zuƙar wannan ruwa yana gangarawa da shi. Habila ya ɗago shi ya duba. Cikinsa ya yi baƙi ƙirin da funfuna, yauƙi yana ɗiga daga bakinsa. Ya juya gefe ya yi amai.

Sai gurnanin ya tashi.

Kyarkecin yana kan dutse, ya sunkuyar da kai, gashin wuyansa a tsaye. Habila ya saki tiyon zai gudu. Mai gandu ya kama shi a kafaɗa, ya ce, “Tsuguna ka yi aikinka.”

Habila ya ce, “Ba zan iya ba shi baya ba.”

Ya ce, “Ni ne a bayanka.”

Ya taka ya tsaya tsakanin Habila da dabbar, ya kafa sandarsa a ƙasa. Habila ya tsuguna. Wuƙar ta suɓuce masa ta faɗi, ya lalubo ta. Yana jin gurnanin a ƙeyarsa, wani lokaci daga dama, wani lokaci daga hagu, yana kuma jin takun mai gandu yana juyawa tare da shi. Sau ɗaya dabbar ta zaburo, ya ji ƙarar sanda da wani kuka mai kaifi, amma bai waiwaya ba. Ya zare tsofaffin bakunan daga itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Inda zai wanku ya tura ruwa, ya fito baƙi, ya sāke turawa, ya fito ja, ya yi ta yi har ya fito garau. Inda ruɓa ta ci, ya yanke ya yar, ya sa sabo. Sa'ad da ya toshe bakin ƙarshe ya ɗaga kai, dutsen ba kowa. Hannun rigar mai gandu kuwa a yage yake, jini yana bin yatsunsa.

Habila ya ce, “Ranka ya daɗe, ya ji maka ciwo.”

Ya ce, “Mu sauka. Da sauran aiki.”

Suka buɗe tankin suka zubar da dukan abin da yake ciki. Suka wanke babban bututun tun daga sama har ƙasa, suka kankare tankin. Kafin su gama, kwanakin da ruwa ya fi zuba sun wuce, maɗin shekarar bai kai ko rabin na bara ba. Waɗansu itatuwan kwazazzabo kuma ramukansu sun ruɓe saboda an bar tiyo a jikinsu shekara guda, dole aka bar su su huta.

Tabita ta kai bakin mutuwa ta dawo. Ta daɗe a kwance, da ta tashi ma sai da dogara bango. Ranar da ta fara zama a waje, Habila ya zauna kusa da ita ya gaya mata kome, ya yi ta ba ta labarin girman kyarkecin da jan idonsa. Ta saurare shi har ya gama, sa'an nan ta ce, “Ban ga laifinka ba da ka ji tsoro, maigida. Ni ma da gudu zan yi. Amma ba kyarkecin ne ya miƙo mini kofin ba.”

Ta gafarta masa, amma an daɗe kafin ta sāke karɓar abu daga hannunsa ba tare da ta duba ba.

Mai gandu bai kore shi ba. Ya ce masa dai, “Wurin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Duk lokacin da wankinsa ya zo, ka aiko mini.”

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Gandun nan ran mutum ne, mai gandun kuwa Ubangiji ne wanda ya ba mu amanarsa. Tiyon su ne hanyoyin da abubuwa suke bi su shiga zuciyarmu: abin da muke kallo, abin da muke saurara, abin da muke riƙewa a rai, inda muke zuwa in ba wanda yake ganinmu. Tankin shi ne zuciya, daga cikinta kuma muke ɗiba mu ba mutanen gidanmu.

Yawancinmu masu wanki ne. Muna zuwa sujada, muna addu'a, muna gyara abin da ido yake gani. Amma kusan kowa yana da kwazazzabonsa, wuri guda da ba ya so ya shiga. A wurin wani, gaba ce da ɗan'uwansa na ciki ɗaya, shekaru ba sa ga-maciji. A wurin wani, kwalbar giya ce a bayan buhunan masara. Wata kuma layar da kakarta ta ba ta ce, tana ƙarƙashin akwati, tana tsoron ta yar tana tsoron a gani. Muna ce wa kanmu, ai ba na zuwa can kuma, ba abin da zai fito. Amma ba mu yanke ba, domin yankewa za ta sa a yi tambaya. Abin yana nan a haɗe, yana ruɓewa, yana jiran ranar da zai gangaro.

Ku lura, Habila ba malalaci ba ne, ba mugu ba ne kuma. Matsoraci ne. Kyarkecin ma na gaske ne, ba wanda ya ce ƙarya yake yi. Zunubinsa ya fara ne ranar da ya ce “An gama,” alhali ba a gama ba. Daga wannan kalma ya fara tsoron matarsa, ya fara tsoron maigidansa, wato su biyun da za su iya taimakonsa. Haka zunubin ɓoye yake yi. Yakan sa mu guji Allah a daidai lokacin da muka fi bukatarsa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan shi ne, ba Habila ne ya fara kwanciya ba. Wadda ta amince da shi ce. Abin da ka ɓoye, ba kai kaɗai za ka sha ba. Matarka za ta sha, mijinki zai sha, 'ya'yanku za su sha, su yi ta ciwo ba su san me suka ci ba.

Ubangiji ba ya cewa ka je ka gyara kanka tukuna sa'an nan ka zo. Habila ya gwada hawa shi kaɗai, ya dawo da gudu. Mai Cetonmu yana shiga gaba, ya tsaya tsakaninmu da abin da muke tsoro, shi ne kuma wanda aka ji wa ciwo. Amma ba zai riƙe maka wuƙar ba. Kai za ka tsuguna, kai za ka yanke. Kuma kada wani ya ruɗe ku cewa tuba tana mai da abin da ya zube. Maɗin shekarar ya tafi, Tabita ta sha wuyarta. Duk ranar da aka ƙara ana shiru, hasarar ƙaruwa take yi.

Saboda haka, kafin ka tashi daga kan bencin nan, ka kira wurin da sunansa a gaban Allah. In akwai mutumin da ya kamata ya ji, ka je ka same shi yau, kada ka ce sai gobe. Watakila a gidanka akwai wanda ya riga ya miƙo hannu yana murmushi, domin ya yarda da kai.